Haka Ake Cewa

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Littafin rubutuna ya cika, sai na juya littafin kwamitin zaman lafiya na Kukar Sambo na fara rubutu daga baya. Ni ne sakataren kwamitin. Daga gaba an cika shafi goma sha huɗu. Yau ba zan buɗe can ba.

Abin godiya: Uba manomi ya farfaɗo a asibiti, har ya nemi koko. Kwana tara ke nan da aka tsince shi a gonarsa ta rani a bakin ruwan Tiga, kai a fashe, tumatir a tattake, ga sawun shanu ko'ina. Shi bai tuna komai ba. Mutanen gari kuwa kowa ya tuna, har waɗanda suke Kano a ranar.

Wani ya ce ya hango Abdulmumini, babban ɗan Hamman makiyayi, da shanu a wajen da safe. Mutanen ruga sun ce tun kwana biyu kafin nan ya yi kudu da garken, wajen Doguwa. A zaman da aka yi a ƙofar dagaci, dagaci ya dubi Hamman ya ce, "Abdulmuminin nan ɗanka ne? Ka tsaya masa?" Hamman ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ake cewa." Wuri ya kaure. Aka ce ga shi nan, uban ma ya san halinsa.

An ba rugar Hamman wa'adi zuwa ƙarshen wata su tashi. Shekararsu arba'in da ɗaya a nan. Ni na rubuta takardar da aka aika wa hakimi. Kowa ya yaba kyan rubutuna.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ramla ta zo. Tsohuwar ɗalibata ce, tun ina koyar da Hausa a Tudun Wada. Ta je jami'a ta karanto wasan kwaikwayo, ta dawo da ƙungiya ta mutum shida da tabarau mai kauri.

Ta durƙusa ta gaishe ni kamar mutuniyar kirki, sannan ta zauna ta fara ba ni umarni. Za su shirya wasa a kan abin da ya faru, a canja sunaye. Wasan tsaya take kiransa. Za a yi shi sau ɗaya har ƙarshe, a kori makiyayi. Sai a sake daga farko, kuma a karo na biyu duk ɗan kallon da ya ga an yi ba daidai ba zai tafa hannu ya ce "Tsaya!", ya shigo fili ya karɓi matsayin ɗan wasa, ya nuna yadda ya kamata a yi. Dagaci ya yarda a yi a nan ranar ashirin da takwas, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Kafin nan za a gwada a Kiru da Bebeji da Doguwa.

Na ce, "'Yar nan, a zamaninmu ɗan kallo kallo yake yi."

Ta ce, "Shi ya sa zamaninku ya kawo mu nan, Malam."

Tana so in fito a makiyayi. Ban yi mamaki ba. Shekara ashirin ina fitowa a Jauro a wasannin makaranta: malafa, sanda, gurɓatacciyar Hausa, "aradu" a kan kowace gaɓa. Na taɓa sa wani mai duba makarantu ya faɗo daga benci don dariya.

Ta ce, "Yadda ka saba nake so ka yi shi. Kada ka rage komai. So nake in ga ko akwai wanda zai tsayar da kai."

Na yi mata godiya. Sai da ta kai bakin titi na gane ba yabo ba ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Gwaji a ajin firamare. Fahad, mai gyaran waya, shi ne dagaci a wasan, ya naɗa zanen gado a kai. Ramla ta nemi in ba ta littafin kwamiti ta ɗauki maganganun zaman yadda suke. Na ce ai duk suna kaina. Ta dube ni ta saman tabarau. Ni na koya mata wannan kallon.

Na gode wa Allah da har yanzu gwiwata tana iya tsallen Jauro.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Fura ba nono. Bushra, matar ƙanen Hamman, ta daina shigowa gari. Shekara goma sha tara tana ajiye ƙwaryarta a tsakar gidan nan. Hajara ta dama min da ruwa ta ajiye, ta ce, "Sha, Malam. Ai ba laifin kowa ba ne." Matata ta iya faɗin magana ta bar rabinta a tsaye.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Kiru. An cika fili. Na yi Jauro kamar ina ɗan talatin, aka yi ta dariya har wata mata ta zubar da gyaɗarta. Da Fahad ya tambaye ni ko yaron ɗana ne, na zare ido, na ja da baya, na ce "Haka ake shewa, aradu!" Wuri ya ɗauka.

A zagaye na biyu mutum uku suka tafa. Na farko ya karɓi matsayin dagaci ya rage wa'adin zuwa kwana uku. Na biyu ya zo ne don a gan shi. Ta uku wata dattijuwa ce da ta tambayi dalilin da ya sa babu mace ko ɗaya a zaman, ta koma ta zauna ba ta jira amsa ba.

Ni ba wanda ya tsayar da ni. A mota na faɗa wa Ramla haka, da ɗan alfahari. Ta ce, "Na gani, Malam."

An ba mu tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Alhamdulillahi. Ban tambayi inda aka samo man ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, azahar

Zafi. Ban buɗe littafin daga gaba ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Bebeji. Yau an tsayar da ni.

Ban ma kai ga zaman dagaci ba, ina tsakiyar shigowata da tsalle, sai na ji tafi ɗaya, ƙwas. Wani dogon mutum ne mai shuɗiyar riga, ya jingine kekensa ya shigo. Ya yi sallama, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ara mini sandar."

Na ba shi. Ya ce, "Kai ka riƙe ta kamar ka ga maciji. Mai kiwo in ya riƙe sanda haka, shanunsa ma gudu za su yi." Ya ɗora ta a kafaɗa, ya rataya hannuwansa biyu a kai, ya tsaya. Shi ke nan abin da ya yi. Ya tsaya kawai, sai ga makiyayi a fili, irin wanda nake wucewa kullum a hanya.

Ya ce, "Sannan don Allah, wa ka taɓa ji ya ce aradu sau goma sha biyu a magana ɗaya? Na ƙirga."

Aka yi dariya, amma wannan karon ni ake yi wa. Hausarsa ta fi ta rabin ɗaliban da na yaye. Ramla ta roƙe shi ya ci gaba da wasan a matsayina, ya ce a'a, sauri yake, maganin saniya ya zo saya. Ya miƙo min sandar da hannu biyu ya hau kekensa.

Na ƙarasa wasan da aradu uku. Ba a yi dariya sosai ba. Fahad ya ce, "Malam, yau cajinka ya yi ƙasa."

Ina neman abin godiya. To: bai san sunana ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

An sallamo Uba. Na je gaishe shi. Kansa a naɗe, yana magana a hankali. Mahaifiyarsa, Iya Balaraba mai daddawa, tana zaune a bakin ƙofa tana yi masa fifita, fuskarta a wani gefen. Na ce, "Iya, ya mai jiki?" Ta ce, "Ga shi nan dai." An ce kwana ashirin da uku da ya yi a asibiti ba ta taɓa matsawa daga bakin gadon ba.

A hanyar dawowa na hango ruga. Sun fara kwance bukka biyu. Daga nesa na ga Hamman yana ɗaure buhunan masara. Masarar da ya noma a nan ce. Na bi ta bayan makaranta, ko da yake ta fi nisa.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Hajara tana tankaɗe ta ce, "Malam, wai a takardar da aka kai wa hakimi, abin da Hamman ya faɗa aka rubuta?"

Na ce, "Ma'anar abin da ya faɗa."

Ta ce, "Oho. Ma'ana." Ta ci gaba da tankaɗe.

Shekara talatin ina koyar da nahawu. "Ake" kalma ce da mai magana yake fakewa a bayanta, ya jingina zance ga mutanen da bai ambata ba. Wanda ya ce haka ake cewa bai ce haka nake cewa ba. Ko a jarrabawa aka kawo, amsar ke nan. Na bayyana wa Hajara wannan duka. Ta ce garin ya yi laushi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan magariba

Doguwa. Hanya ta cinye mana rabin yini. Rabin 'yan kallo makiyaya ne, sun tsaya daga baya. Ramla ta ba da saƙo a nemo Abdulmumini a gaya masa halin da gida yake ciki. Wani ya ce ya san inda garken yake.

Na ɗora sanda a kafaɗa yadda mai keke ya nuna. Na bar aradu gaba ɗaya. Da babu tsalle da zare ido, sai na rasa yadda zan faɗi maganar, don haka na faɗe ta yadda na ji ta a ƙofar dagaci: kai a ƙasa, murya ƙasa-ƙasa. "Haka ake cewa."

Na gaba suka yi ihu kamar kullum. Na baya ba wanda ya motsa. Wani tsoho a cikinsu ya juya fuska yana kallon duwatsu.

Da aka tashi ya zo ya kama hannuna. Ya ce, "Duk wasanka, nan kaɗai ka yi daidai." Na ce me na yi? Ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da bai kamata a tambaya ba, ya ce Allah ya kai mu gida lafiya.

Ya kai mu. Na gode masa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, la'asar

Gobe a gida. Saura bukka huɗu a ruga. Na saka littafin nan a aljihun rigar Jauro, ban san dalili ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ma'anarsa ba.

Filin firamare ya cika. Dagaci a kujera, Uba a wata kujerar kusa da shi, Iya Balaraba a tabarma cikin mata. Mutanen ruga sun zo, sun tsaya can gindin ɗorawa, Hamman a tsakiyarsu. Canja sunayen da muka yi bai ruɗi kowa ba. Da Fahad ya fito da zanen gadonsa, dagaci ya ce, "Wannan rawanin nawa ne? Allah ya isa." Aka yi dariya, aka ɗan sake.

Zagaye na farko ya wuce, aka kori makiyayi, wasu suka yi tafi. A na biyu muka zo wurin. Fahad ya ce, "Ɗanka ne? Ka tsaya masa?" Na sunkuyar da kai na faɗa. Samari suka fara ihu.

Sai tafi daga cikin mata. "Tsaya!"

Iya Balaraba ce. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta shigo. Wuri ya yi tsit, don kowa ya ɗauka uwar wanda aka fasa wa kai ta zo ta tsine ne. Ni ma haka na ɗauka, har na ja baya. Ramla ta ce, "Iya, matsayin wa za ki karɓa?"

Ta ce, "Ba na karɓar na kowa, nawa ya ishe ni." Ta juya ga Fahad. "Kai mai zanen gado. Ga wancan a zaune." Ta nuna Uba da haɓa. "Tambaye ni ko ɗana ne."

Fahad ya dubi Ramla, ta ɗaga masa kai. Ya ce, "Iya, Uba ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Haka ake cewa."

Ba wanda ya yi ihu.

Ta ce, "Shekara arba'in da shida ban taɓa kama sunansa ba. A asibiti malamar jinya ta tambaye ni sau uku, sai ƙanwata ce ta amsa mata. Ɗan fari ne. To ni ma na tsame hannuna daga gare shi ke nan?" Ta dubi samarin. "Kai Mujitaba, da kake ta ihu, uwarka ta taɓa kiran yayanka da sunansa? Me take ce masa?"

Mujitaba ya ce, "Wancan mai ƙaton kan." Aka fashe da dariya, har da yayan.

Ta ce, "To. Mu nan mata ne muka riƙe kunyar, maza sun saki. Su can har mazan ba su saki ba. Ni ban san wanda ya yi wa wancan wannan aiki ba, Allah ya sani, kuma ban yafe ba. Amma an tara gari an sa dattijo a tsakiya an ce ya buɗe baki ya ce ɗana ne. Da ni aka yi wa, da ni ma kun kore ni. Da akwai mace ɗaya a zaman nan naku, da ta gaya muku."

Ta koma ta zauna. Uba yana share ido da bakin bandejinsa, ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Ramla ta ce a ci gaba. Fahad ya buɗe baki. Sai na ji wani ya tafa ya ce "Tsaya," ashe ni ne. Ramla ta ce, "Malam, ɗan wasa ba ya tsayar da wasa." Na ce yau zai tsayar. Na cire malafa, na ciro littafin, na buɗe shi daga gaba.

Shafi na goma sha huɗu. Na karanta da ƙarfi: "Da aka tambaye shi, Hamman ya nesanta kansa daga Abdulmumini, alamar ya san abin da ya aikata." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da hakimi ya karanta ya amince da wa'adi. Hamman kalma uku ya faɗa. Sauran duk nawa ne."

Dagaci ya dube ni. Ya ce, "Malam Lawal, ai mun ɗauka kai ne mai ilimin cikinmu."

Na ce, "Ni ma haka na ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya ce gobe da hantsi a hallara a ƙofarsa, kuma a shimfiɗa wa mata tabarma.

Talata, 29 ga Afrilu, da asuba

Sunana Lawal. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san abin da sunan yake nufi.

Ranar da na zo na ɗaya a firamare, hedimasta ya tare Inna a bakin rijiya ya ce, "Wannan yaron naki ne?" Ta ce, "Na gidanmu ne." Ina tsaye riƙe da kyautar sabulu. Na yi shekaru ina jin zafin wannan amsar, daga baya na karanta littattafai na sa mata suna al'adar da, na ajiye. Sai jiya na tuna cewa ta adana takardar sabulun a cikin adudunta har ta rasu.

Allah ya jiƙan Inna. Na gode mata, ko da yake na makara.

Talata, bayan azahar

An janye wa'adi. Ba a wanke kowa ba: Abdulmumini yana hanya, zai zo ya yi bayani, kuma za a kira wanda ya ce ya hango shi ya maimaita a gabansa. Ƙanen Hamman ya miƙe ya ce, "Ɗan yayana ne, ni na tsaya masa." Ashe ya faɗi haka tun a zaman farko, ihu ne ya danne. Wannan ma ba ya cikin shafi na goma sha huɗu.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mutum biyar sun tashi kafin addu'a. Uba ya ce shi dai yana so ya san wanda ya yi masa, kuma gaskiyarsa ce.

Na rubuta shafi na goma sha biyar, na karanta wa jama'a kafin a sa hannu. Iya Balaraba ta gyara min wuri biyu. Dagaci da kansa zai kai wa hakimi.

Ramla ta ce akwai wasa a Tudun Wada wata mai zuwa, amma Jauro ya yi ritaya. Ta ce za ta ba ni matsayin sakatare. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Yadda ka saba za ka yi shi, Malam."

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Jiya wa'adi ya kamata ya cika. Yau da safe na ji muryar Bushra a tsakar gida, ita da Hajara suna faɗa a kan wai nonon ya yi ruwa. Ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba.

Da na fito zaure, Hamman yana tsaye a waje. Tare suka zo, zai wuce neman igiyar sake ɗaure bukkoki. Tun ranar zaman farko ban haɗa ido da shi ba. Na shimfiɗa masa buzu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu, ya tambayi zafi, na tambayi masara. Na shirya jawabin neman gafara mai sakin layi uku, na fara, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya wuce, Malam." Na ce ina fatan mai zuwa zai iso lafiya. Ban kama suna ba. Ya ce, "Amin," yana kallon ƙasa.

Sai ya hango sandar wasa a jingine a lungu. Ya ɗauka, ya auna ta a hannu, ya girgiza kai, ya ce wannan ko akuya ba za ta ji ta ba. Ya mayar.

Ya ce, "Malam, wai an ce shekara ashirin kai ne Bafulatanin garin nan."

Na dubi ƙasa. Na ce, "Haka ake cewa."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Hajara ta aiko da fura, da nono a ciki, muka sha.